Ƙarancin Ruwan Nono ga Mai Jego a Ƙasar Ɗanbatta: Dalilansa da Hanyar Maido da Shi

A ƙasar Ɗanbatta da maƙwabtanta irin su Makoɗa da Kazaure, kamar a sauran sassan duniya, babban dalilin da uwaye suke bayarwa idan suka fara ɗura wa jariri ruwa ko koko ko madarar gwangwani tun bai kai lokaci ba shi ne cewa nono ba ya isar sa. Maganar takan fito daga bakin mai jegon, amma sau da yawa kakar yaro ce ko gwaggo ko maƙwabciya take fara yanke hukuncin, bayan ta ji kukan jariri da daddare ko ta ga maman uwar ya yi laushi. Abin da masana shayarwa suka tabbatar shi ne matan da jikinsu ya gaza samar da isasshen nono saboda wata cuta kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan ƙarancin kuwa yana faruwa ne saboda jariri ba ya zuƙe abin da ke cikin mama yadda ya kamata, ko dai don an jinkirta sa shi, ko don an cika masa ciki da wani abu, ko don bai kama da kyau ba, ko kuma don aikin gida ya raba shi da uwarsa. Wannan ya sa maganin ƙarancin nono yake hannun mutanen gida fiye da yadda yake a kantin magani ko a tiren mai saiwoyi.

Sinadarai biyu ne na jiki suke tafiyar da shayarwa, kuma dukkansu daga wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa suke fitowa. Na farko shi ne furolaktin, wanda yake umurtar ƙwayoyin cikin mama su haɗa nono, yana kuma ƙaruwa a jini duk lokacin da jariri ya tsotsa, musamman da daddare, abin da ya sa shayarwar dare take da muhimmancin da ba a cika ba ta ba. Na biyu shi ne oksitosin, wanda yake matse ƙananan jakunkunan da nono ya taru a cikinsu har ya gangaro zuwa bakin jariri, shi kuwa yana da alaƙa da halin da zuciyar uwa take ciki, domin ganin ɗanta da jin ɗuminsa suna sakin sa, tsoro da ciwo da ɓacin rai da kunya kuma suna riƙe shi na ɗan lokaci. Bayan waɗannan biyu akwai wata ƙa'ida a cikin maman kansa, wato idan nono ya taru ba a cire shi ba aikin haɗa sabo yana raguwa, idan kuma aka zuƙe shi aikin yana ƙaruwa. Fulanin da suke kawo shanu da nono kasuwar Ɗanbatta sun daɗe da sanin haka a wurin dabbobinsu, domin sai an saki maraƙi ya fara tsotsa sannan saniya take sakin nono ga mai tatsa, saniyar da aka daina tatsa kuwa ba ta daɗewa nononta yake ƙafewa.

A kwanaki biyu ko uku na farko bayan haihuwa abin da mama yake fitarwa shi ne dakashi, wato nonon fari mai kauri da launin rawaya, kuma a nan ne kuskure mafi tsada yake aukuwa. Dakashi ba shi da yawa, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a shan guda ba, don haka ƙarancinsa daidai yake da bukatar mai shan sa, yana kuma cike da garkuwar da take kare hanji daga ƙwayoyin cuta, yana taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashin farko. A gidaje da yawa har yanzu ana ɗaukar sa gurɓataccen nono, a matse shi a zubar, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko ruwan dabino ko zuma ko rubutu ko nonon akuya har sai farin nono ya zo, a wasu wuraren ma akan tatsa a ƙoƙo a gwada shi da tururuwa kafin a yarda yaro ya sha. Ga mai haihuwar fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta akwai ƙarin nauyin kunyar ɗan fari, wadda takan hana ta ɗaukar yaron a gaban manya sai an miƙo mata shi. Sakamakon duka wannan ɗaya ne, mama bai sami tsotson da zai tashe shi ba a kwanakin da ya fi bukatarsa, sai farin nono ya yi jinkirin zuwa, ko ya zo maman ya kumbura ya yi tauri har jariri ya kasa kamawa, daga nan a ce ai dama ba ta da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yi umurni da a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata a sa shi a mama cikin sa'a ɗaya da haihuwa, wannan kuwa yana cikin ƙa'idojin shirin asibiti mai kula da jarirai da suka ƙaddamar a 1991. Zuma kuma, duk darajarta, likitoci sun hana ba da ita ga yaron da bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jikin jariri.

Batun ruwa shi ne mafi wuyar karɓuwa a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma ba rashin tausayi ne yake sa tsofaffi su nace a kansa ba, tausayin ne ma ya sa. Sai dai kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma binciken da aka yi a Indiya a tsakiyar lokacin zafi ya nuna cewa jariran da nono kaɗai suke sha ba sa rasa ruwa a jikinsu, muddin ana ba su duk lokacin da suka nema. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cika gurbin nono a ƙaramin cikinsa ba tare da ya ba shi abinci ba, sai ya rage tsotsa, nono kuma ya ragu daidai da raguwar tsotson, ban da haɗarin gudawa idan ruwan rijiya ne ko na randar da hannuwa da yawa suke shiga. Haka dauri yake, wato jiƙon itatuwan da ake ba jarirai don ciwon ciki ko don ƙarfin jiki. Ƙididdigar lafiyar al'umma ta Nijeriya ta 2018 ta nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake shayar da su nono zalla, ko da yake an sami ci gaba daga kashi 17 na 2013, ta kuma nuna cewa fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba. Ganin cewa ruwa ne babban abin da yake karya shayarwa zalla ya sa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa a 2019. Wanda ya kamata a ba ruwa a lokacin zafi ita ce uwar, ta sha gwargwadon ƙishinta, shi kuma yaron a ƙara masa yawan shayarwa.

Kafin a nemi magani wajibi ne a tabbatar ƙarancin na gaske ne, domin alamomin da mutane suka fi dogara da su ba su da tabbas. Laushin mama bayan 'yan makonni yana nufin jiki ya daidaita abin da yake haɗawa da abin da ake sha, yawan neman mama da yamma ɗabi'ar jarirai ce, kuka yana da dalilai da yawa ban da yunwa, ɗan abin da uwa ta iya matsowa da hannu kuma ba ma'auni ba ne na abin da jariri yake zuƙowa da bakinsa. Akwai ma lokuta, kamar wajen mako na uku da na shida da wata na uku, da yaro yake ƙara ci na 'yan kwanaki saboda girma, wanda idan aka bar shi ya sha yadda yake so nonon zai ƙaru ya cim masa. Alamomin da ake dogara da su biyu ne, fitsari da nauyi. Jaririn da ya wuce kwana biyar yana shan nono kaɗai, idan yana fitsari mai haske sau shida ko fiye a yini da dare, to yana samun abin da ya ishe shi, idan kuwa fitsarin ya yi kaɗan ya yi duhu da wari, akwai matsala. Game da nauyi, kowane jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko, amma ya kamata ya maido da nauyin haihuwarsa kafin mako biyu, sannan ƙaruwar da ba ta kai giram 500 a wata ba a watannin farko alama ce ta bai ƙoshi ba. Ranakun rigakafi na mako 6 da 10 da 14 dama ce ta ɗora yaro a sikeli a Babban Asibitin Ɗanbatta ko a ƙananan asibitocin mazaɓu, kuma katin da ake rubuta nauyin a kai ya fi idon kowace tsohuwa gaskiya a wannan batu, komai gogewarta.

Idan an tabbatar yaro ba ya samun isasshe, abu na farko da gogaggiyar ungozoma take dubawa shi ne yadda ya kama mama, domin jaririn da kan nono kaɗai yake tsotsa zai iya shafe rabin sa'a yana wahala bai sami abin kirki ba, ya kuma bar uwarsa da tsagewa da raɗaɗin da zai sa ta riƙa gudun shayarwa. Kamun da ya yi daidai ana gane shi da ido: cikin yaro yana manne da cikin uwarsa, kansa da jikinsa a miƙe suke ba a murɗe wuya ba, bakinsa ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa mama, baƙin da ke kewaye da kan nono kuma ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. A irin wannan kamu kumatunsa sukan cika, ya ja a hankali da zurfi, ya ɗan tsaya, a ji sautin haɗiya, uwa kuma ba ta jin zafi. Yadda wasu mata suke sunkuyawa su cusa kan nono a bakin yaron da ke kwance rigingine a cinya, ko su matse mama tsakanin yatsu biyu kusa da bakinsa, yana hana shi ɗaukar abin da ya kamata ya ɗauka. Gyaran wannan kaɗai ya isa ya warware matsalar mata da yawa cikin 'yan kwanaki, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Abu na biyu shi ne yawan shayarwa, wato aƙalla sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, har da tashe jariri mai yawan barci, a bar shi ya gama da mama ɗaya ya saki da kansa kafin a juya shi ɗayan, saboda nonon da yake zuwa a ƙarshe shi ne mai maiƙo da yake ƙosarwa. Idan ya fara gyangyaɗi uwa tana iya matsa maman a hankali da tafin hannu don nono ya ƙara gudu, bayan ya gama kuma ta tatsa abin da ya rage a tsabtataccen kofi mai murfi, a ba shi da kofi ko cokali cikin sa'o'i huɗu, ƙasa da haka ma idan ana tsananin zafi. Bulumboti da robar tsotso suna koya wa yaro wani salon tsotsa daban, ga wuyar wankewa a gidan da ruwa yake da tsada. Idan an riga an fara ba shi madara, ba a yanke ta rana ɗaya, ana rage ta ne kaɗan kaɗan yayin da nono yake ƙaruwa ana kuma lura da fitsari da nauyi. Yawanci ana ganin canji cikin kwana uku zuwa mako guda, har ma matar da ta daina shayarwa na makonni tana iya maido da nononta ta wannan hanya idan ta sami haƙuri da mai tallafa mata.

Samun mai tallafawar shi ne ainihin wahalar. A ƙauyukan Ɗanbatta, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake suke manne da juna har bakin gidaje, hutun mai jego yakan ƙare da arba'in, daga nan surfe da daka da girkin masu noma da wanki da sana'ar ƙuli-ƙuli ko awara su dawo kanta gaba ɗaya, a lokacin kaka ga sussuka da ɓarar gyaɗa, a yankin madatsar ruwan Tomas kuma aikin noman rani ba ya barin gida ya huta. Matar da take wannan hidima takan miƙa jariri ga 'yar goyo, ta shayar da shi a tsaitsaye idan kukansa ya yi yawa, ta zare shi bai gama ba saboda tukunya tana kan wuta. Faɗa wa irin wannan mata ta shayar sau goma sha biyu ba tare da an sauke mata wani aiki ba zalunci ne da sunan nasiha. Mijin da ya kai niƙa inji maimakon a daka, ya sayi ruwa da itace, uwar miji ko abokiyar zama da ta karɓi girki na mako guda, sun yi wa nonon abin da babu wani jiƙo da zai yi masa, haka kuma sassauta harshe a kan yarinyar da ta yi haihuwar fari tana da ƙuruciya, domin gorin da ake yi mata a kan nononta yana daga cikin abubuwan da suke riƙe shi.

Abinci yana da nasa matsayi, amma ba irin wanda aka saba ba shi ba. Mai shayarwa tana fitar da kimanin mililita 750 na nono a kullum a watanni shida na farko, tana kuma bukatar ƙarin abinci da ya kai kusan kalori 500, wato kamar ƙarin kwano ɗaya mai kyau a kan abin da ta saba ci. Kunun gyaɗa da fura da nono da wake da zogale da ƙwai da kifi da naman ƙauri da miji yake kawowa duk abinci ne na gari da suke maido mata da jini da ƙarfi. Sai dai binciken da masanan Ingila suka yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya a wajen 1980 ya nuna cewa ƙara wa masu shayarwa abinci ya amfani jikinsu amma bai ƙara yawan nonon da suke fitarwa ba, ma'ana jikin uwa yana fifita jariri ko da zai ci daga ajiyarta, sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai nono yake raguwa. Saboda haka matar talaka kada ta yanke ƙauna da nononta don tukunyarta ba ta da nama, mijinta kuma kada ya fake da wannan ya bar ta tana ramewa. Su kuwa hulba da aya da riɗi da ganyen nonon kurciya da sauran abubuwan da ake sha don kawo nono, bitar da ƙungiyar Cochrane ta wallafa a 2020, wadda ta tattara gwaje-gwaje 41 na magunguna da tsirrai, ta sami hujjar amfaninsu da rauni, don haka wanda abinci ne a cikinsu babu laifi a ci, amma ba zai maye gurbin tsotson jariri ba. Ƙwayoyin asibiti irin su domferidon, waɗanda asalinsu maganin amai ne, suna ɗaga furolaktin, amma hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da domferidon a 2014 saboda yana iya rikita bugun zuciya, abin da ya sa sayen sa a kemis ba da umurnin likita ba ganganci ne.

Kunun kanwa yana bukatar magana ta daban, domin shi ne abin da kowa yake ambata da zarar an ce nono ya yi kaɗan. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon gazawar zuciya a tsakanin masu jego Hausawa, suka kuma danganta shi da yawan kanwa mai gishiri haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Bincike na baya-bayan nan a Kano ya nuna cewa ciwon yana da wasu dalilan ban da waɗannan, amma babu saɓani a kan cewa lodin kanwa yana tara ruwa a jiki yana kuma cutar da mai hawan jini. Geron da ruwan da ke cikin kunun su ne masu amfani, ana kuma iya samun su ba tare da an zuba kanwa da yawa ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki ko tari idan ta kwanta, asibiti take bukata a ranar, ba ƙarin kunu ba.

Akwai 'yan lokuta da ƙarancin yake da tushe a jiki, waɗanda yawan shayarwa kaɗai ba zai warware ba. Ragowar mabiyiya a cikin mahaifa tana hana farin nono zuwa har sai an fitar da ita, zubar jini mai tsanani wajen haihuwa kuma yana iya lalata gaɓar nan da take samar da furolaktin, cutar da likitan Ingila Harold Sheehan ya bayyana a 1937, wadda har yau ake gani a inda mata suke haihuwa a gida nesa da jinin ƙari. Ciwon maƙoshi mai alaƙa da maƙoƙo, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin idan aka fara ta da wuri, da kwanika, wato samun sabon ciki ana cikin goyo, duk suna rage nono, ko da yake nonon mai ciki ba guba ba ne kamar yadda ake zato. Ta ɓangaren jariri, bakwaini da mai shawara da mai linzami a ƙarƙashin harshe da mai tsagaggen leɓe ko ganda ba sa iya ja da ƙarfi, haka wanda wanzami ya cire wa beli bakinsa yake ciwo, irin waɗannan kuwa ana tatsar musu ne a ba su da kofi, a riƙa ɗaure bakwainin a ƙirjin uwarsa fata da fata har ya yi ƙarfi.

Idan uwa ta rasu ko nono ya gagara duk da ƙoƙari, Musulunci, wanda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, ya halatta a nemi wata mace ta shayar, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A wannan zamani sharaɗin da likitoci suka ƙara shi ne a gwada jinin mai shayarwar don cuta mai karya garkuwar jiki, dangi kuma su kiyaye nasabar shayarwa saboda hukuncin aure. Madarar gwangwani ta jarirai ita ce mafita ta gaba, amma tsadarta takan sa a tsinka ta da ruwa fiye da ƙa'ida har yaro ya kamu da tamowa, nonon saniya da madarar shayi kuwa ba su dace da cikin wanda bai kai wata shida ba, don haka wannan shawara ce da ake yankewa tare da ma'aikacin lafiya.

Ɗanbatta tana da babban asibiti da makarantar koyon ungozoma, ga kuma asibitin yara na Hasiya Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano a birnin Kano ga abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Jaririn da ya ƙi kama mama, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa don sha, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idanunsa da tafin hannunsa suka yi rawaya, ko ya yini bai yi fitsari ba, iyayensa su kai shi asibiti nan take tare da uwarsa, kada a tsaya jiran suna ko fitar arba'in.